Manjo Ya Amsa Gaisuwa

Jiya da hantsi ina wanke hannu a bayan ɗakin allura na ji ɗayanku, ku 'yan sitaji da aka turo mana koyon aiki daga Damagaram, yana ce wa ɗan'uwansa wai sanƙarau yanzu ba wani abu ba ne: a ɗebi ruwan baya, a yi allura, mutum ya tashi. Ban tanka ba, don na san halina, in na fara ba na tsayawa. Yau da marasa lafiya suka ragu, ku jawo benci ku zauna. Ni Lawali a nan ƙasar Damargu aka haife ni, a nan kuma na yi furfura ina aikin jinya, daga Tanut zuwa Falanko har nan Belbeji. Labarin wanda ya koya mini aikin zan ba ku. Sanƙarau ya kama shi, muka yi masa allura, ya tashi kamar yadda kuka faɗa. Duk da haka mun rasa shi, alhali yana raye.

Ranar da na fara riƙe allurar baya, wata Bafulatana ce aka kawo a kan jaki, wuyanta ya sanƙare, ba ta son ganin haske. A wani ƙaramin asibiti ne can arewa da kwarin Tarka, ɗaki biyu da rumfa. Shugaban wurin, wanda muke kira Manjo, sunansa Ayuba, mutumin wajen Maradi ne, Kirista. Gajere ne mai kaurin hannu, ba ya ɗaga murya, amma in ya kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna duk abin da ka bari ba ka yi ba. Ya sa aka kwantar da matar a gefenta, aka lanƙwasa ta har gwiwa ta kusa haɓa. Ya kama babban yatsana ya ɗora a kan ƙashin ƙugunta, ya ja shi zuwa tsakiyar baya, ya danna.

"Ka ji ramin?"

"Na ji, Manjo."

"Ba ka ji ba, ɗan Damargu. Kana dai so in bar ka. Sake."

Sai da na sake har yatsana ya gane wurin da kansa, sannan ya ba ni allurar. Doguwa ce, da siririn ƙarfe a cikinta wanda ake zarewa in an isa. Ba da ƙarfi ake tura ta ba. Kana tafiya a hankali sai ka ji wani abu ya saki a ƙarƙashin hannunka, to nan za ka tsaya. Ruwan mai lafiya garau yake fitowa, ɗigo ɗigo. Na matar nan ya fito da sauri, fari-fari kamar ƙasarin da aka wanke gero.

Kayan aikinmu a lokacin ba za ku so su ba. Sirinjin gilashi ne, a tafasa shi a tukunya a kan risho, a ɗauko da hantsaki, a jira ya huce. Firijinmu na kananzir ne, sai ka durƙusa ka gyara masa lagwani kamar fitila. Maganin sanƙarau kuwa allurar mai muke ce masa, mai kauri, kafin ka tura ta ta ƙare babban yatsanka ya yi tsami. Akwai kuma wata 'yar kwalba mai ruwan gwaji da Manjo ke ajiyewa a bayan kabad, warinta har cikin kai. In ya ɗiga ruwan bayan mara lafiya a ciki, sai ka ga farin gajimare ya tashi. Ya ce mini wannan furotin ne, in ya yi yawa to kumburi ya yi tsanani a cikin kai. Na tambaye shi daga ina furotin ɗin yake fitowa. Ya ce, "A lakwal, makarantar jinya, ba su kai mu nan ba. Mu dai in ya yi fari mu yi allura." Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma bai taɓa ƙara wa kansa sani da baki ba.

Masu zuwa wurinmu yawanci makiyaya ne, Buzaye da Fulani, sai manoman ƙauyukan kusa. Makiyayi ba ya kawo mara lafiya da wuri. Ba rashin so ba ne: rijiya tana da nisa, dabba ba ta jira, kuma sai an gwada ƙaho a ƙeya an gwada tsaga tukuna. In kuma zazzaɓi ya sauka, ba ka isa ka riƙe su ba, an riga an ɗaura sirdi. To dole Manjo ya sami hanyar gane wanda za a sallama. Ba mu da na'ura, ba mu da lokotoro, wato likita. Hanyarsa ita ce gaisuwa. Zai tsuguna kusa da tabarma ya ce, "Ina kwana? Ina gajiya? Yaya gida? Yaya jiki?" Wanda ciwo ke riƙe da shi zai yi nishi ko ya yi sambatu. Wanda ya amsa bi da bi, har ya mayar maka da tambayar iyali, shi ke nan. "Lawali," in ji shi, "in mara lafiya ya amsa gaisuwa, ya warke. Sallame shi." Na riƙe wannan magana kamar karatun allo, na kuma koya wa wasu.

Shekarar da sanƙarau ya yi muni, a tsakiyar rani ya fara. Da farko ɗaya ɗaya suke zuwa, daga baya amalanke ke sauke su. Ɗakuna suka cika, muka sa mutanen gari suka kafa rumfunan zana a filin baya. Ni da Manjo ne kawai, sai wani dattijo mai shara da ke taya mu riƙe mutum. In mun tafi salla Manjo ke tsare rumfa, ran Lahadi kuwa ya daina zuwa majami'a gaba ɗaya, ya ce Allah ya san inda yake. Tukunyar sirinji ba ta sauka daga kan risho. Wasu sun mutu kafin mu kai gare su, wasu sun tashi kurame, da yawa kuma sun amsa gaisuwa muka sallame su muna murna. Ban san yadda waɗannan suka ƙare a daji ba, kuma yau wannan rashin sanin yana damuna fiye da waɗanda na rufe wa ido.

Ana cikin haka na ga Manjo ya ɗaure kansa da ƙyalle. Na ce lafiya? Ya ce rana ce. Washegari ya ce rashin barci ne. Ya ci gaba da allura yana runtse ido, don in ya kwanta ba mai ɗebo ruwan baya sai ni, ni kuma ba zan iya da rumfa uku ni kaɗai ba. Sai da ya sunkuya zai ɗauki hantsaki wuyansa ya ƙi, sannan ya zauna a bakin gado ya ce, "Ɗan Damargu, zo ka nemo ramin." Ni na ɗebi ruwan bayansa da hannun nan. Da na ɗiga a 'yar kwalbarsa, ban taɓa ganin farin da ya kai wannan ba. Na yi masa allurar mai. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, yana fizge-fizge, matarsa Saratu tana jiƙa zane tana shafa masa.

Wata safiya na tsuguna kusa da shi na ce, "Manjo, ina kwana?"

Ya buɗe ido ya ce, "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya gida, Lawali? Yaya aiki?"

Wallahi na fita na yi sujada a bayan rumfa. Labari ya zaga gari cewa Manjo ya amsa gaisuwa. Da ruwan farko ya sauka ciwon ya kwanta kamar yadda ya saba, aka kwashe zana, shi kuma ya koma gida yana hutawa.

Ku lura da abin da ya biyo baya, don nan ne aikinmu ya yi tuntuɓe. Kun san yadda muke dubiya. Ka yi sallama, ka zauna a gefen tabarma, ka gaisa, ka ce Allah ya ƙara sauƙi, ka ajiye abin da ka kawo, ka tashi. Wanda ya daɗe a wurin mara lafiya ana ce masa mara kunya. Gari duka ya je gidan Manjo, liman da mai gari da 'yan majami'arsa da makiyayan da ya taɓa yi wa magani, kowa ya fito yana cewa ai garau yake. Ni ma kullum sai na biya, mu gaisa in wuce asibiti. Wa zai dubi babban mutum ya ce masa, "Yau wace rana ce?" ko "Me ka ci da safe?" A wurinmu wannan raini ne. Da gaisuwa kawai muka auna shi, shi kuwa gaisuwa tun yana goye take cikin bakinsa.

Ranar da ya dawo aiki, ran kasuwa ce. Ya sa farar rigarsa, ya ɗaura tabarau, har ya yi mini faɗa a kan lagwanin firiji. Can wani Buzu mai suna Agali, wanda muka sani da daɗewa, ya shigo da ƙanwarsa daga wajen Tenhiya, zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya ɗan yi tauri. Manjo ya miƙa masa hannu suka gaisa doguwar gaisuwa irin tasu, ana shafa tafi ana sakewa, aka tambayi raƙuma da rijiya da yara. Aka kwantar da matar. Na tsaya ina kallon yatsan Manjo ya sauka daga ƙugu zuwa rami, bai ko lalube ba. Shiga ɗaya ya samu. Ruwan ya fito garau, ya miƙo mini kwalba, ya manna auduga, ya fita wanke hannu. Na ce a raina, Manjo ya dawo.

Da ya shigo yana goge hannu, ganin Agali sai Manjo ya yi murmushi ya miƙa masa hannu.

"A'a, Agali! Yaushe a gari? Ina kwana? Yaya raƙuma?"

Agali ya karɓi hannun ya ce, "Lahiya lau, Manjo." Ya amsa duka daga farko, bai nuna komai ba, sai dai ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe ido. Buzu ba zai kunyata babba a gaban mutane ba ko da me ya gani.

Manjo ya juya ga matar ya taɓa wuyanta ya ce, "Wannan sai an ɗebi ruwan baya. Lawali, allura."

Na tsaya da kwalbar a hannu. Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da na san shi. Amma ga mata kwance, ga hannunsa a miƙe yana jira.

"Manjo, an riga an ɗeba."

"Wa ya ɗeba?"

"Kai ne."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya kalli kwalbar. Ya ɗaga audugar da ke bayan matar ya ga ɗigon jini sabo, ya mayar. Sannan ya ce wa Agali ya ɗan ba mu wuri. Ya zauna a kan kujera ya ce, "Tambaye ni."

"Me zan tambaye ka, Manjo?"

"Abin da ka ga dama. Ba gaisuwa ba."

Na ce me ya ci da safe. Bai tuna ba. Na ce wa ya rako shi asibiti. Nan ma bai tuna ba. Na ce ko ya tuna rumfunan zana da muka kafa a baya. Ya ce waɗanne rumfuna? Amma da na tambaye shi yawan allurar mai da ake yi wa babba da yaro, ya kawo tsaf, har da sunan malamin da ya koya masa a lakwal. Ya tuɓe farar rigar ya ninke ta ya ɗora a kan tebur ya ce, "Kar ka bari in ƙara taɓa kowa." Na raka shi gida. Kafin mu kai ƙofa ya tambaye ni me ya sa muka tashi da wuri alhali yau kasuwa.

Saratu ta tare mu a zaure, da ta ga fuskata ta gane. Bayan ya shiga ciki na ce, "Inna, kin sani?"

Ta ce, "Na sani, Lawali. Sai ya gama karin kumallo ya ce in kawo masa koko. Sai ya tambaye ni abu, in amsa, ya sake tambaya."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"In ce me? Mutum ya dawo daga bakin kabari, gari na ta barka, ni kuma in fito in ce maigida ba daidai yake ba? Na ɗauka gajiya ce, za ta wuce."

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Rufin asirin miji aka koya mata, ta kuma yi. Aka kai shi Damagaram, aka ce ba abin da za a yi. Ya ajiye aiki suka koma Tanut wurin ɗansu.

Amsar tambayar da na yi masa game da farin gajimaren nan ban same ta ba sai da gemuna ya fara fari. Wata lokotoro ce, yarinya sa'ar 'yata, ta zo yi mana horo a Tanut. Ta ce ba ƙwayar cutar kaɗai ke ɓata ƙwaƙwalwa ba. In ƙwayar ta shiga rigar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, jiki yana sakin waɗansu furotin masu yin kururuwa, su kira mayaƙan cikin jini. Su ne ke buɗe shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa don mayaƙan su wuce, sai ruwa da sauran furotin na jini su bi su, shi ne farin da muke gani a kwalba. In hannu ya kumbura yana da inda zai buɗa. Ƙoƙon kai ba ya buɗawa, sai abin da ke ciki ya matsu, ƙananan hanyoyin jini su toshe. Kamar gobara ce a rumbu, in ji ta, maƙwabta su zo da ruwa da yawa, wutar ta mutu amma hatsin ya jiƙe. Ta ce har bayan magani ya farfasa ƙwayoyin, tarkacensu na iya ƙara tunzura furotin ɗin. Kuma wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye sabon abu yana cikin wuraren da ba sa jure wannan. Tsohuwar ajiya irin su gaisuwa da addu'a da abin da hannu ya saba takan tsira.

Ina zaune a bencin baya na ji kamar Manjo take kwatantawa. Da aka tashi na bi ta na ba ta labarinsa. Ta ce yanzu a wasu irin sanƙarau ana haɗa allurar rage kumburi da allurar farko, amma ba kowane iri take yi wa amfani ba. Na ce da an yi masa, da ya tsira da hankalinsa? Ta ce, "Baba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne, duk jinkirin da aka yi kafin magani, kumburin gaba yake yi." Na tuna ƙyallen da ya ɗaure kansa da shi yana ce mini rana ce. Baƙin cikin wannan bai sake ni ba. Mutumin da ya ceci rumfa uku, shi ne ya fi kowa jinkirin kwanciya.

Shi ya sa kuke ganina ina abin da kuke yi wa dariya. Na ji ku, kuna cewa tsoho ya cika tambaya. In zan sallami wanda ya yi sanƙarau, ina gaishe shi yadda ya kamata, don ba a fara magana da mutum ba gaisuwa. Bayan nan sai in nemi gafararsa, in nuna masa abu, ko cokali ko hula, in fita in yi wani aiki, in dawo in ce me na nuna maka? In dattijo ne nakan ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba raini ba ne, aiki ne." Sannan in ja matarsa ko 'yarsa gefe, inda ba kowa, in tambaye ta ko yana maimaita magana. A gaban mutane ba za ta faɗa ba. Ba zan iya gyara abin da kumburi ya ɓata ba, amma aƙalla ba za a ba mutum garke a ce ya kai rijiya shi kaɗai ba, ba za a bar mace da wuta da jariri ba mai lura ba.

Bara da na je Tanut na biya gidansu. Saratu ta tsufa ƙwarai, amma ita ke kula da shi har yanzu. Yana zaune a inuwar bishiyar bedi a kan kujerar roba, tsaf da shi, tabarau a hanci. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce wa Saratu ta kawo wa baƙo ruwa. Ya dubi furfurata ya ce, "Malam daga ina?"

"Daga Belbeji, Manjo. Aikin asibiti nake yi."

"Madalla. To ko ka san wani yaro nawa, Lawali, ɗan Damargu?"

Saratu ta sunkuyar da kai. Na ce, "Na san shi."

"Ya iya allurar baya yanzu? Yana da hannu, gaggawa ce ta yi masa yawa."

"Ya iya, Manjo."

"To ka gaya masa ya riƙa gaishe da marasa lafiya. In mutum ya amsa gaisuwa, ya warke."

Na ce, "Zan gaya masa."

Ya gyaɗa kai ya juya yana kallon awakin da ke bakin ƙofa. Na sha ruwan na ajiye kwano. Da ya juyo ya gan ni, fuskarsa ta washe, ya miƙo mini hannu ya ce, "A'a, baƙo muka yi? Ina kwana?"

Na karɓi hannun na ce, "Lafiya lau, Manjo."